Mako Shida Nake Roƙo

Ya sanyin idanuna, inuwata in rana ta take, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki gaisuwar busasshiyar ƙasa ga ruwan fari. Na san kin zagaye ranar dawowata da jan biro a kalandar falo, ga ni kuma na zo da roƙo: ki ƙara min mako shida.

Kin tuna ranar da nake koya miki mota a filin ƙwallo? Kin doshi kwana, na kai hannu na cafke sitiyari. Kika taka birki, kika zare makulli kika ajiye min a cinya, kika tafi gida a ƙasa. Wallahi ko fushinki kyau gare shi, kamar hadarin da ya haɗo da la'asar!

Ashe darasin bai shige ni ba. An turo ni in riƙa ba kwamitin sulhun garin nan shawara, masu neman ɓangarorin da ke faɗa su buɗe hanyar asibiti. A zama na biyu shugabansu, wani tsohon hedimasta, ya ce shingaye huɗu ne a hanyar. Na miƙe na karɓe allin hannunsa, na gyara a gaban mutanensa. Biyar ne, gaskiyata ce. Washegari kujeru goma sha ɗaya na tarar, babu kowa a kai.

Wata biyu na yi ina ɗinke ɓarakar. Yanzu bakin ƙofa nake zama. In ina da magana sai an tashi, ina tura masa kekensa muna tafe. Ƙarshen watan gobe zai tsallaka gada ya zauna da waɗanda suka ƙone masa makaranta. Ya ce in tsaya, ba don in yi magana ba, don in ya waiwayo ya gan ni. Har yau a amalanke ake zagayawa da masu naƙuda, tafiyar awa huɗu.

Amma wa ya fi ki haƙƙi a kaina? Sau biyu ina ɗaga dawowa, sau biyu kina rarrashin Auta ke kaɗai. Kewarki ta ci ni cin gara a azara, waje lafiya, ciki rami!

Takardar ƙarin wa'adi na kan teburina, ban sa hannu ba. In kin ce in zauna, ladan naki ne kafin nawa. In kin ce in dawo, motar Alhamis zan hau, in je da kaina in ba dattijon haƙuri, kuma ba za ki taɓa jin gori a bakina ba.

Naki ni kaɗai, har ƙasa ta rufe min ido,
Mijinki