Na Sayar da Motar Mijina, Yanzu Mahaifiyarsa Tana Ganinsa a Titi

Salama a gare ku duka, ke da kike kula da shafin nan da ku masu karatu. Ina roƙo a sakaya sunana. Ni Kirista ce, 'yar kudancin Borno, a Wulari nake zaune a nan Maiduguri, kuma na san shafin nan na kowa ne, shi ya sa na kawo nawa. Don girman Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. In ma zagina za ku yi, ban tabbata zan ji zafinsa ba, don na daɗe rabona da in ji zafin wani abu. Shawara nake nema.

Mijina malamin firamare ne. Zan kira shi Ishaya, ba sunansa na gaskiya ba ne. Lokacin da rikici ya yi tsanani a jihar nan, ya tafi ƙauyen da yake koyarwa don ya kwaso kayansa. Ya bar motarsa a gida ya hau ta haya, wai hanyar ramuka ce, za ta ɓata masa taya. Ya ce in riƙa tayar da injin da safe ya ɗuma kafin ya dawo jibi. Bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu sami wanda ya ce ya gan shi ba. Mun bi asibitoci, mun bi sansanonin 'yan gudun hijira muna nuna hotonsa har hoton ya koɗe a hannuna. 'Yarmu Rahila tana goye a bayana lokacin. Yanzu ta shiga sakandare.

Tun daga ranar nake zaune da mahaifiyarsa, Mama. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ita ta raini Rahila ina wurin aiki. Abu ɗaya ne ba a taɓa mata, shi ne maganar cewa ɗanta ya mutu. Fastonmu ya zo har gida ya lallashe ta a yi masa addu'ar bankwana, ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi ƙofa, ta ce idan Ishaya ya dawo zai zo ya gaishe shi. Motar kuwa ta yarda in koyi tuƙi da ita, in riƙa zuwa aiki, amma da sharaɗin ba za a sayar ba, mai ita yana hanya. Tsohuwar mota ce tun a hannunsa, koriya, sai ƙofar baya ta hagu fara, saboda wata tifa ta taɓa gogarta aka sa mata ta wata motar, bai kuma samu ya yi fenti ba. Duk Wulari an san ta da wannan farar ƙofar.

Ina aikin akawu a wata ƙungiyar agaji. Shekara da shekaru ina lallaɓa motar nan. Yau batir, gobe kuloci, jibi ta ɗauki zafi sai na tsaya na zuba ruwa. Ban taɓa fita ba tare da jarkar ruwa a but ba. Ranar da ta ƙure ni, a watan zafi ne, da tsakar rana, Rahila tana kwance a kujerar baya zazzaɓi yana kaɗa ta, zan kai ta asibiti, sai motar ta mutu a tsakiyar shataletale. Masu keke Napep suna ta hon, wani yana dukan bonet da hannu, yarinyar tana kirana a hankali. Na zauna riƙe da sitiyari. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. A raina kawai na ce, shi ke nan.

Da Rahila ta warke, na ce wa Mama zan kai motar gareji, gyaran kuma zai ɗau lokaci don sai an aiko da kaya daga Kano. Na sa aka ja ta zuwa wani wurin sayar da motoci ta wajen Bolori. Dillalin ya zagaya da ni cikin rana, yana nuna mini motoci 'yan Kwatano, wannan ba ta shan mai, wannan esinta kamar firiji, wannan atomatik ce ƙafata za ta huta da kuloci. Mutane suna zuwa wurin da matansu da abokansu ana ta dariya ana bubbuga taya, ni kuwa kamar an aike ni sayen gishiri. Ya tambaye ni wacce ta kwanta mini a rai, na ce babu. Ya yi dariya ya ɗauka wasa nake yi. Daga ƙarshe na shiga wata ƙarama mai ruwan toka, na rufe ƙofa, na ji ba ta warin kowa, ba ta ƙamshin kowa. Na ce wannan. Ya tayar da ita, ya sa na zagaya layin sau ɗaya, birki lafiya, giya lafiya. Na ba da tsohuwar na yi ciko. Abu ɗaya na roƙe shi, kada motar Ishaya ta kwana a garin nan, a kai ta wani gari ko a farfasa a sayar da kayan. Ya dafa ƙirji ya ce Madam kada ki damu, gobe warhaka tana hanyar Damaturu. Ban ko waiwaya na kalle ta ba. Wace irin mace ce za ta rabu da abu na ƙarshe da mijinta ya taɓa da hannunsa, ta fito tana gyara madubi?

A gida na ce wa Mama ofis ne suka ba ni aron wannan kafin a gama gyaran tamu. Ta zagaya ta, ta ce ba ta kai ta Ishaya kyau ba, amma Allah ya sa musu albarka. Muka ci gaba da zama. Duk 'yan kwanaki takan tambaya ko kayan sun iso daga Kano, in ce tukuna. Ƙarya ta zame mini kamar gaisuwar safe. Na yi zaton a hankali za ta gaji da tambaya, ni ma in huta.

Sai wata Talata, ta je kasuwa da maƙwabciyarmu a keke. Na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a tsakar gida, kayan miya a ƙasa ba ta ko kwance ledar ba. Ta kira ni da sunan da take kirana, Maman Rahila, ta ce in zauna. Muryarta a kwance take, ba rawa.

"Na ga motar tana tafiya a Hausari," in ji ta. "Da farar ƙofarta. Mai tuƙin ya ɗora gwiwar hannunsa a kan taga. 'Yata, hannun ɗana ne. Ni na haife shi."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ko da ƙaryar ce ma, da na ce bakanike ne yake gwada ta, da maganar ta mutu a wurin. Amma sai na tsaya ina kallon fuskarta, don rabon da in ga fuskar nan haka tun kafin Rahila ta fara tafiya. Ta ce in je garejin yanzu-yanzu in tambaya ko shi ya zo ya karɓa. Na fita, na tuƙa zuwa wani gidan mai, na faka a gefe, na zauna esi yana kaɗa ni har rana ta yi sanyi. Na dawo na ce mata bakaniken ya yi tafiya, garejin a rufe. Me ya sa na faɗi haka? Wallahi ban sani ba. Bakina ne ya faɗa, ni ina gefe ina ji.

Daga ranar Mama ta haɗa labarinta da kanta, kuma babu inda ya ɓalle. Ta ce Ishaya ya kuɓuto daga daji, ya je garejin ya ga motarsa ya karɓa, amma kunya ta hana shi shigowa gida. Wataƙila an tilasta masa yin abin da ba zai iya kallon idonmu da shi ba, ai mun ji irin haka ya faru da 'ya'yan mutane. Ta ce dole ya san cewa ko me ya yi ta yafe. Yanzu kullum da safe sai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta hau keke zuwa Hausari. Wata mai sayar da ƙosai ta ba ta benci a bakin titi, a nan take wuni. Matar da sai na yi da gaske take cin loma uku, yanzu tana neman ƙari. Ciwon gwiwar da take kuka da shi ta manta da shi. Tana waƙa tana shara. Ni na jawo wannan, kuma ban san ko alheri na yi mata ko mugunta ba.

Na koma wurin dillalin. Ko kunya bai ji ba, ya ce an samu mai saye a gari da farashi mai kyau, ya za a yi ya ƙi? Da ƙyar ya kwatanta mini mutumin. Wani Malam ne, Bakano, kafinta, shagonsa yana cikin Hausari. Na je na same shi yana goge katako, motar tana fake a ƙofar shagon, an wanke ta, an sa mata sababbin tayoyi. Dattijo ne mai furfura, ko kusa bai yi kama da Ishaya ba. Ya ba ni kujera, na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ashe shi ya sa wata tsohuwa take miƙewa tana ɗaga masa hannu duk lokacin da ya wuce, har ranar nan ta biyo motar da sauri ya ɗauka taimako take nema, cunkoso ne ya hana shi tsayawa. Na roƙe shi ya sayar mini da ita, ya ce ya kashe mata kuɗi da yawa, da ita yake kai yaransa makaranta yake ɗauko kaya, ni ma kuma na san ba ni da abin saye. Na ce to ya canza fenti. Ya girgiza kai.

"Madam, zan iya canza hanya na ɗan lokaci saboda ke," in ji shi. "Amma unguwarmu ce. Ran da ta tare ni ta tambaye ni, ba zan yi wa tsohuwa ƙarya ba. Gara ta ji daga bakinki."

Na yi masa godiya na tashi. Da zan wuce na leƙa cikin motar. Tabon da Rahila ta yi wa kujera da man ja yana nan. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ko baƙin ciki, ko kewa, ko nadama. Shiru. Wannan ne abin da ban iya gaya wa ko fasto ba. Ni na daina jiran Ishaya tuntuni, ban ma san ranar da na daina ba. Ina amsa amin idan Mama tana addu'ar dawowarsa, ina sa zobensa, ana ce mini mace mai haƙuri a coci, alhali a cikina babu komai. Ba mota kawai na sayar ba, binne shi na yi ni kaɗai a ɓoye, ban gayyaci uwar da ta haife shi ba. Ina da wannan ikon? Motar ma ai ba tawa ba ce.

Abin ya wuce Mama yanzu. Rahila, wadda ba ta san mahaifinta ba sai a hoto, wadda ba ta taɓa tambayata game da shi ba, shekaranjiya muna hanyar makaranta ta ce, "Momi, idan ya zo zai gane ni?" Na ce ta ɗaura bel. Abin da na iya ce mata ke nan. Na lura tana kallon duk koriyar motar da ta wuce har sai ta ɓace.

Mama kuma ta riga ta gaya wa fasto cewa ranar Lahadi mai zuwa za ta tsaya a gaban jama'a ta ba da shaida, cewa Ubangiji ya dawo mata da ɗanta cikin gari. Ta ce idan maganar ta bazu za ta kai kunnensa, ya san ana jiransa. Tana da hawan jini. Idan na gaya mata, ina tsoron in kashe mata ɗa a karo na biyu, ita ma ta bi shi, kuma da wane ido za ta sake kallona bayan duk shekarun da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta? Idan na yi shiru, za ta tsaya a gaban coci ta gode wa Allah a kan ƙaryata, 'yata tana tafi, sannan wata rana wani kafinta ya sauke gilashi ta ga fuskar da ba ta ɗanta ba, a bakin titi, babu kowa nata a kusa.

Yau da safe kafin in fita, ta ciro wata farar rigarsa daga akwatinta, ta ce in goge, ba ta so ya zo ya tarar da kayansa a yamutse. Na jona dutsen guga. Na goge wuya, na goge hannuwa, na bi tsakanin maɓallai a hankali yadda yake so, na rataye ta a bayan ƙofa. Ta shafa rigar ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

Yau Alhamis. 'Yan uwa, ku da zuciyarku take aiki, ku ara mini ita. Me zan yi?