Ni Nake Cike wa Mutane Farar Takarda, Yau An Cike Tawa

Lauya Griselda, don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Yau kwanana goma ba ni da aikin yi sai tunani, ga shi yatsuna sun saba da buga rubutu, sun ƙi zama shiru.

Shekara goma sha tara na yi ina aikin sakatariya a wata masana'antar takalma a nan León. Ba zan faɗi sunanta ba, mai ita kuma bari in kira shi Don Fidencio. Mutum ne mai tsoron Allah sosai, kowa zai shaida. Duk ranar bikin San Crispín, waliyyin masu ɗinkin takalma, shi ke ɗaukar nauyin addu'ar coci, ya ciyar da mu nama har mu ture, sannan ya miƙe da ƙwalla a idonsa ya ce mu ba ma'aikatansa ba ne, 'ya'yansa ne. Ni kuwa tawa ta fi ta kowa, don shi ya riƙe 'yata a coci ranar baftismarta. Tun daga ranar ba ya kirana sai komadre, ni ma ba na ce masa komai sai kompadre, ko a gaban baƙi, don haka uwar yaro da wanda ya riƙe mata shi a coci suke kiran juna a nan.

Ranar da aka ɗauke ni aiki, cikin takardun da ya turo mini akwai guda ɗaya fara fat, babu komai a jikinta sai ɗan ɗigon fensir can wajen ƙasa. Ya ce, "Sa hannu nan, 'yata, na ajiya ne kawai." Na sa. Ina da jaririya a hannu, ga miji wanda bai da wata sana'a da ta wuce sharhin ƙwallo a bakin shagon giya. Da ya ce in sa hannu a bayan takalminsa ma da na sa.

Bayan wata shida na gane amfanin ajiyar, domin ni aka miƙa wa mabuɗin durowar da ake ajiye fararen takardun duk ma'aikata. In mutum ya tsufa, ko mace ta yi ciki, ko wani ya fara yawan tambaya a kan ladan ƙarin lokaci, sai Don Fidencio ya leƙo ofis ya ce, "Komadre, wane ya gaji, a shirya masa takardarsa." Ni kuma in ciro farar takardar mutumin, in ɗauki rula in auna daga sama zuwa inda ya sa hannu, in buga cewa ya ajiye aiki bisa raɗin kansa, ba tare da tilastawar kowa ba, yana kuma godiya ga kamfani bisa irin riƙon da aka yi masa. In goge ɗigon fensir. Ba yabon kai ba, Lauya, aikina yana da kyau. Layin ƙarshe yakan tsaya daidai kan sa hannun, har mai takardar ma in ya gani sai ya fara shakkar kansa. Mutum ashirin da uku na yi wa haka. Kullum ina ce wa kaina ai ba ni nake korar kowa ba, ni dai bugawa nake yi, wanda ya ba da umarni shi zai amsa.

To, bana likita ya ce yanar ido ta rufe mini na hagu, sai an yi aiki, kuma zan kwanta mako uku. Ranar Juma'a na gaya wa kompadre. Ya kama hannayena biyu ya ce, "Lafiya ce gaba da komai, komadre, kada ki damu da aiki." Ashe da gaske yake. Ranar Litinin da na zo, mai gadi ya tare ƙofa, kansa a sunkuye, ya ce, "Doña, an ce kin ajiye aiki." Na ce yaushe? Ya ce shi dai haka aka ce. Can sai matar ɗan Don Fidencio ta fito tana taunar cingam, ta nuna mini takardata, wai don in tuna. Na ɗauki hotonta da waya kafin ta janye.

Lauya, kin san abin da ya fara ƙona mini rai? Ba korar ba. Matar nan ce ta cike takardar, kalmomina ta kwafa ɗaya bayan ɗaya, har da godiyar, amma ko aunawa ba ta yi ba. Layin ƙarshe ya hau kan sa hannuna. Ɗigon fensir yana nan ba a goge ba. Takardar ta yi ruwan ɗorawa don tsufa. Sa hannun ma na lokacin da nake haɗawa da sunan mijina ne, wanda na daina shekara goma sha biyu da suka wuce, tun ranar da ya tafi sayen taba bai dawo ba. Shekara goma sha tara ina yi musu aiki mai tsabta, ni kuma da wannan kwamacala za a sallame ni. Na tsaya a bakin ƙofar ina jin kamar in karɓa in gyara mata.

Yayata Otilia ta ce kada in kuskura in kai ƙara, wai ba a shari'a da kompadre, a gaban Allah aka haɗa mu, kuma unguwa za ta ce na ci amana. 'Yata kuwa, wadda ya riƙe a coci, cewa ta yi a banka wa masana'antar wuta. Tsakanin waɗannan lauyoyi biyu na rasa wadda zan bi.

Amma ga abin da ya sa na rubuto. Takarda ta ƙarshe da na cike ta Don Herminio ce, mai yankan fata, wata guda kafin tawa. Shekararsa ashirin da bakwai a wurin, hannunsa ya fara rawa, kompadre ya ce ya gaji. Ran Lahadin nan sai ga shi da matarsa Doña Maclovia sun zo mini jaje, da tukunyar tamal mai zafi, wato dafaffen ƙullun masara da ake naɗewa a ganye. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa ya ce, "Sai haƙuri, Doña, haka suka yi mini. Tunda mun sa hannu ai mun kashe kanmu, babu inda za mu kai kuka. Ni dai abin da nake so in sani, wane marar imani ne yake zama ya rubuta musu waɗannan takardu?" Na ce Allah kaɗai ya sani. Na ci tamal ɗin nan har guda biyu a gabansu, kunya tana neman kashe ni.

Tambayoyina su ne, shin sa hannun nan ya kashe ni kamar yadda Don Herminio ya ce? Zan iya kai kompadre ƙara? In na kai, dole ne in faɗi abin da na yi? In na faɗa, ɗaure ni za a yi? Na fi so in karɓi haƙƙina in yi shiru, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun ranar Lahadi tambayar Don Herminio nake ta juyawa.

Mai Rula, daga León

Mai Rula,

Da farko ina yi miki jaje bisa lalacewar sana'a. Abin takaici ne mutum ya ɗauki shekaru yana ƙwarewa a wani fanni, ranar da aka zo kansa a haɗa shi da 'yar koyo. Amma ki gode wa wannan baiwar Allah da cingam ɗinta, domin ita ta rubuta miki rabin hujjarki.

Sa hannu a farar takarda ba ajiye aiki ba ne. Tunda maigidanki ya ce da kanki kika tafi, a kansa yake ya tabbatar, kuma kina da ikon neman ƙwararre ya bincika takardar: tsufanta, tawadar da ta hau kan sa hannun, ɗigon fensir, da sunan da kika daina amfani da shi. Ki adana hoton nan a wuri fiye da ɗaya. In an kira ki a ce ki zo ki karɓi ɗan abin taimakon aikin ido ki sa hannu, kada ki sa. Ina jin ke ba sai an yi miki bayanin dalili ba.

Doka ta ba wanda aka kora wata biyu kacal ya nemi haƙƙinsa. Ki je ofishin sulhu na ma'aikata ki shigar da koke, shigarwar tana tsayar da lissafin kwanakin. In ba a daidaita a can ba, a wuce kotun ƙwadago. Akwai lauyoyin gwamnati da ke tsaya wa ma'aikata kyauta, ki nemi ɗaya. Za ki zaɓa ko a mayar da ke bakin aiki ko a biya ki albashin wata uku tare da haƙƙin shekarun da kika yi. Ki kuma hanzarta zuwa asibiti: in har an yi miki rajistar inshora kamar yadda ya kamata, kina da mako takwas bayan kora da za a ci gaba da duba ki, har da aikin tiyata.

Maganar yayarki kuwa, alkawarin da aka yi a coci a kan tarbiyyar 'yarki ne, ban taɓa jin an karanta dokar ƙwadago a wurin baftisma ba. In ma akwai amana, kompadre ne ya fara ajiye ta, ya kuma aiko mai gadi ya sanar da ke. Ba na cewa bai taɓa yi miki alheri ba, shekara goma sha tara ba kwana biyu ba ne, kuma na san yanke irin wannan zumunci yana da ciwo. Shi ya sa ake fara zama a teburin sulhu. In har 'yarsa ce ke kamar yadda yake faɗa ranar biki, ga dama ya biya ki a rufe ba wanda ya ji. A gaya wa 'yarki ta ajiye ashana.

Yanzu ga inda kike so in lallashe ki, kuma ba zan yi ba. Cike takardar da wani ya sa wa hannu tana fara laifi ne, ba na maigida kaɗai ba. Cewa umartarki aka yi yana rage nauyi, amma ba ya wanke ki. Ban yi miki alkawarin babu abin da zai biyo baya ba. Saboda haka kafin ki buɗe baki a gaban kowa, ki zauna da lauya ki gaya masa komai, har da adadin, shi zai nuna miki yadda za ki faɗa ba tare da kin jefa kanki a rami ba.

Kin tambaya ko dole ne ki faɗa. A shari'arki, mai yiwuwa ba dole ba ne. Kina iya cin nasara da takardar da 'yar koyo ta ɓata, ki karɓi haƙƙinki, ki koma gida. Don Herminio kuwa ba shi da wannan gatan, domin tasa ƙwararriya ce ta buga. Ba ɗigon fensir, ba layin da ya karkace, babu abin da zai nuna ƙarya ce sai bakin wadda ta riƙe rular. Sauran mutanen da kika lissafa, galibinsu lokacinsu ya wuce tuntuni, wannan kuma ke da Ubangijinki. Shi nasa bai wuce ba. Bisa lissafin wasiƙarki kwana ashirin ya rage masa, kafin jaridar nan ta iso hannunki ma sun ragu, shi ya sa na tsallake wasiƙun wasu na amsa taki. Yana can zaune ya yarda cewa ba shi da haƙƙin komai bayan shekara ashirin da bakwai, kuma a cikin duk mutanen da ya sani ke kaɗai kika san ba haka ba ne.

Ki ga lauya gobe da safe. Daga can ki wuce gidan Don Herminio ki ba shi amsar tambayar da ya yi miki ranar Lahadi. Kada ki je da kuka, ba aikinsa ba ne ya rarrashe ki. Ki gaya masa ke ce, ki gaya masa sa hannunsa bai kashe shi ba, ki ce kin shirya ki faɗi haka a inda za a rubuta. Watakila ya yafe, watakila Doña Maclovia ta nuna miki hanya ta rufe ƙofa, kuma in ta yi hakan ba ta zalunce ki ba. Ke dai ki tabbata kin faɗa musu ranar da wa'adinsa zai cika kafin ƙofar ta rufu.

Allah ya sa a yi aikin idon lafiya, ya kuma ba ki ƙarfin zuciyar wannan tafiya.

Lauya Griselda