Inna, Shirunmu Ya Kayar da Ni

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, ina sanar da ke na faɗi jarrabawar Turancin nan ta ma'aikatan jinya. Maigidana Bukar tuni ya kama aiki a ƙasar Turawa, ni kuma ina nan ina aikin asibiti a Nguru. Ba zan bi mijina ba sai na ci ta.

Ki ji yadda ake yin ta. Ɗaki ne da tebur da na'urar ɗaukar murya. Wata mata lafiyarta ƙalau ta zauna gabana, wai ita ce majinyaciya. Aka miƙo min kati mai bayanin ciwonta, na karanta a gurguje, aka fara lissafa lokaci. Masu ba da maki suna can wata ƙasa, murya kaɗai suke ji.

Katina ciwon ƙoda ne, Inna. Matar ta ƙi wankin ƙoda, ni zan lallashe ta. Ta marairaice ta ce ta gaji, a mayar da ita gida. Maganarki ce sak, ranar da muka kwantar da ke a asibitin Gashua.

Sai na yi yadda muke yi. Na sunkuyar da kai, na taya ta shiru. Ke kika koya min, kina cewa a bar mutum ya haɗiye mugun labari kafin a ƙara masa magana. Ita kuwa baiwar Allah agogo take satar kallo. A kunnen masu ba da maki shirun nan inda-inda ne, wai Turanci ya ƙare min.

Wanda ya fi tayar min da zuciya malamin da ke horar da mu ne. Wai tausayi ma maki gare shi, da jimlolinsa na haddacewa. Da ya ji labarinki har murna ya yi. Ya ce in riƙa tuno ki a ɗakin, muryata ta ɗan yi rawa, suna son haka. Tir! Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Zan koma, Innata, ba yadda na iya. Zan zazzaga musu jimlolinsu ba numfashi, kamar mai tallan magani a tashar Gashua. Amma ke ba zan shiga da ke ɗakin nan ba. Shirun da muka yi, hannunki cikin nawa, ba kayan jarrabawa ba ne.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara.

'Yarki,
Falmata