Jan-baki a kan haƙoran motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ta ƙorafi a kai. Mu nan lafiya lau muke. Baba yana nan da ƙarfinsa daidai gwargwado, sai dai tun rasuwar Inna ya rage magana, wani lokaci ya wuni a kujerar tsakar gida.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi har sau biyu don kada in yi maka gurguwar fahimta. Ka ce in sallami autarka daga garejina ta taho wurinka, ka sama mata aikin ofis, wai ɗiya mace mai takardar makaranta ba ta dace da kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Ɗiyarka ce, ba ni da ta cewa. Amma kafin ka aiko da tikiti, ka yi haƙuri ka ji abin da ta yi, don ni dai kaina ya gama kumbura.

Ka san tsohuwar motar Baba, koriyar nan da ya koya mana tuƙi da ita yana rankwashinmu. Ta daɗe a bayan gareji a kan duwatsu, tun da akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya, wanda muke ce wa difarenshal, ya farfashe. Kayan shekararta sun ƙare a duniya, na yi cigiya har na gaji. Kwanan baya sai autarka ta hango irinta a wurin masu tsofaffin ƙarafa, gabanta ya yi raga-raga amma bayanta garau. Matsalar ita ce waccan ƙanwar tamu ce, ƙirar da aka fitar bayanta. Ni da gaggawata na ce a kwance ƙafar bayan gaba ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, a ɗaura wa tamu a huta. Muka ɗaura, ashe ta fi tamu faɗi, tayoyi suka riƙa gugar jikin mota. Na ce shi ke nan, a mayar da ita kan duwatsunta.

Yarinyar nan ta ƙi. Ta ce a bar wa motar Baba ƙafarta, cikin kawai za a sauya. Da muka buɗe, na so in ɗauki babban faifan mai haƙora kaɗai, tunda ƙaramin haƙorin da ke juya shi na tamu bai mutu ba. Sai ta ce a'a Kawu, waɗannan biyun tare suka tsufa, sun ci juna sun saba, in aka raba su kuka za su yi ta yi har su cinye kansu. Gaskiya ce na sani, son sauƙi ne ya rufe min ido. Muka ɗauko su tare.

Saura daidaita zamansu, wanda shi ne aikin. Ana shafa wa haƙoran wani shuɗin fenti a juya, a ga inda suke taɓa juna, mu kuwa namu ya bushe ƙamas a gwangwani. Ina cikin masifa da gwangwanin, sai na ga ta buɗe jakarta ta ciro jan-baki sabo fil. Yaya, da idona na ga ta bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya tana yi musu kwalliya. Ta juya, ta duba, ta kwance, ta ƙara siririn ƙarfe a baya, ta sake shafawa, har shaidar ta zauna cif a tsakiyar haƙori. Jan-bakin ya ƙare tas. Maƙwabcinmu mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da aka tayar da motar ta bi layi shiru babu kuka, shi ya fara tafi.

Muka je gida da ita da hantsi, autarka a sitiyari. Baba ya ji ƙarar injin tun daga kwana, kafin mu tsaya har ya fito ƙofa babu sanda. Ya shiga gaba ya zauna, muka hau babban titi. Can sai ya leƙa maleji ya ce allurar nan ƙarya take yi, gudun ya fi abin da take nunawa. Autarka ta ce haka ne, haƙoran ƙanwar ba su kai na tamu yawa ba, za ta gyara. Ya ce kar ta kuskura, ai ko banza matarsa, wato jikar tasa, ta samu abin kare kanta in ya yi mata faɗan gudu. Daga nan baki ya buɗe, ya yi ta ba ta labarin tafiye-tafiyensa da Inna a motar, har da wanda ni ban taɓa ji ba. Ina baya ina share hawaye da hannun riga mai baƙin mai.

Da muka dawo ta miƙa masa makulli, ya mayar mata cikin tafin hannu ya dunƙule. Ya ce, "Ubanki da kawunki na koya musu tuƙa ta. Ke kika tashe ta."

To Yaya, ban gaya mata ka aiko ba, ban kuma gaya wa Baba ba. Kullum da safe yanzu yana wanka ya sa hula ya zauna jiran ta zo ta zaga da shi. In har ka ce sai ta taho, ba zan hana ba, da kaina zan kai ta tasha. Amma ni ba zan iya shiga in tarar da tsohon nan da hularsa in faɗa masa ba. Sai dai ka kira shi ka faɗa masa da bakinka.

Ka gaida min Anti da kyau, da babban ɗanka da maiɗakinsa, da takwarana mai ƙiriniya. Maman yara tana gaishe ku, Gwaggo ma haka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
ƙaninka na gareji