Goggo Eufrosina da Alkyabbar Waliyyi

Zuwa ga Yayata Leonor,

Gaisuwa mai yawa daga Puebla, da fatan kina lafiya, ke da Anselmo da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma faɗa da maƙwabta.

Kin ce in zaga da Goggo Eufrosina birni tunda ba ta taɓa barin ƙauye ba. Na gode da wannan aiki. Na ɗauki hutu, na tsara mata yawo irin wanda nake tsara wa ɗalibaina. A tsohuwar cocin da muka fara shiga na nuna mata rufin da ya sha zinariya, na soma bayanin magina. Ta ɗaga kai sau ɗaya, ta ce Allah ya taimaki mai goge ƙurar wurin nan, sannan ta tambaye ni ina aka kai Isidro.

Kin tuna mutum-mutumin Waliyyi Isidro na katako da ke cocin ƙauyenmu, wanda aka ɗauke don gyara tun muna yara, gidan kayan tarihi ya riƙe? Ashe shi ta zo gani. Da mijinta Nemesio ya kwanta asibiti, ta yi wa waliyyin alkawarin in ya tashi za ta ɗinka sabuwar alkyabba ta yafa masa da hannunta, yadda matan gidanmu suke yi kafin shuka. Nemesio ya tashi. Alkyabbar, ja wur, tana jakarta. Ta ce in ta mutu da alkawari a wuya, ni za ta addaba a mafarki, don ke kin yi nisa.

A gidan tarihin, duk zanen da ta ga fuskar waliyyi a ciki sai ta durƙusa, baƙi na kewaye ta. Da ƙyar muka isa wurin Isidro, yana lungu bayan igiya, ba ko ƙyalle a jikinsa. Ta ce ya rame, kuma an tuɓe shi kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Na yi mata bayani cewa tufafi na cinye tsohon fenti, kuma gaskiya ne. Ta tambaye ni ko wannan ne abin da na je jami'a na koyo. Na je wurin shugabar gidan, wadda muka yi aji ɗaya, na roƙa a bar Goggo ta yafa masa alkyabbar. Ta ba mu kofi, ta ba Goggo hoton waliyyin, ta ce a'a cikin ladabi.

Washegari muka koma. Yaya, ni da nake tsawata wa ɗalibi in ya jingina da bango, ni ce na tsare mai gadi da tambayar hanyar banɗaki, ina yi kamar ban gane ba. Tsohuwar nan mai kukan gwiwa ta tsallake igiya. Ƙararrawa ta ɗauka. Alkyabbar ta zauna a kafaɗar Isidro tsawon addu'a guda kafin a cire, aka raka mu har titi, mutane na ɗaukar mu hoto. Yanzu shugaban sashenmu a wurin aiki yana nemana ranar Litinin.

Goggo kuwa hankalinta kwance, ta sauke nauyi. A tasha, ta tagar mota, ta ce ja bai karɓe shi ba, baɗi kore za ta kawo.

Ki gaishe da Anselmo, da Fidelia, da ƙaramin Matías. Baba yana sa muku albarka. Baɗi ki shirya, ke za ki raka ta.

Ƙanwarki,
Maricruz