Na'urar Ba Ta da Kaka

Daren Laraba, Wara

Na gane ta! Alhamdulillahi.

Jikata Hadiza ta zo daga jami'a da wasan da ta haɗa a kwamfuta. Kana rubuta magana sai amsa biyu su fito, ɗaya tata daga ɗakin Innarta, ɗaya ta na'ura, ka nuna ta mutum. Gabana ya faɗi, kada in kasa sanin jinina a gaban maƙwabta.

Da ɗan bokona na yaƙi da jahilci na rubuta, "Amarya, yaushe za ki tare?"

Amsar farko ta ba ni haƙuri, har da "ranka ya daɗe". Ta biyu ta ce, "Tsoho, sayo haƙora tukuna."

Na yi dariya har da hawaye. Na'urar akwai ladabi, amma ba ta da kaka.

Gobe bayan la'asar zan shimfiɗa tabarmi. Masunta, 'yan kwalekwale, kowa ya zo ya gani!