Lambar da ka manta ka canza

Yazid,

Na wuce Dutsi, ina da aji ƙarfe takwas.

Bayan asuba na buɗe manhajar da za ka gabatar wa malamanka gobe. Na duba laburarenta, wato ɓangaren da ke zana mata shafuka da maɓallai, in ga wace siga ce. Tsohuwa ce, 4.6.

Ni na zaɓa wa marigayiya yayarka Ikilima ita, don kwamfutarta ba ta ɗaukar sabuwa. Aikinta ne. Ka goge sunanta, ka sauya launi, amma ka manta lambar.

Na sanar da malamin da ke duba aikinka. Iya kuwa kai za ka faɗa wa, kafin ta ɗora tukunyar walimar kammala karatunka.

Kokonka na cikin fulas.

Babanka